Waiwaye: Yadda Akalar Sabunta Waya Ta Sulale Daga Hannunmu

Waɗanda suka riski shigowar wayar salula Najeriya za su iya tuna wani abu da yaran yanzu ba su taɓa gani ba: wayar da ba ta canza hali. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisi, kafin ƙarshen Agusta kuma Econet da MTN sun fara aiki. Layi kaɗai ya fi ƙarfin aljihun talaka, mai waya kuwa abin nunawa ne a unguwa. Muka saba da Nokia 3310, daga baya 1100 mai tocila ta zo a 2003, shekarar da Glo ya shigo da lissafin kira da daƙiƙa. Yadda ka ciro waya daga kwali haka za ta zauna har ranar da ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya yi gaba da ita. Dattijon da bai yi boko ba yakan haddace hanyar da zai bi ya kai ga lambar ɗansa, dannawa biyu ƙasa, ɗaya gefe, kuma wannan hadda ba ta tashi har wayar ta tsufa.

Manhaja dai tana nan a cikin waɗancan wayoyi, tana kuma da nata kurakurai, sai dai kamfanin da ya ƙera ta ba shi da hanyar isa gare ta da zarar waya ta bar shago. Idan ta rikice, ta dinga ɗaukewa ko ta tsaya cik a kan tambarin kamfani, sai ka ɗauki ƙafa ka nufi wajen masu gyara a yi mata filashin. Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai gyara, a Farm Centre ta Kano ko wata kasuwar waya irinta, ya san yadda abin yake. Za a cire murfi, a cire batir, a manna wata igiya mai 'yan allurai a kan ƙananan ɗigo-ɗigon tagulla da ke ƙarƙashin mazaunin batir, igiyar ta bi ta wani ɗan akwati zuwa kwamfuta. Kafin a fara, mai gyara zai ce maka, "Alhaji, in akwai lambobin da ba ka so su tafi, ga biro ga takarda." Daga nan kowa ya zuba wa allon kwamfuta ido, wani ɗan layi yana cika a hankali, ana fatan kada a ɗauke wuta ko inji ya shaƙe kafin ya kai ƙarshe, domin in aikin ya yanke a tsakiya wayar na iya mutuwa murus. Akwai wahala a wannan tsari, akwai kuma asara. Amma babu abin da ke shiga wayarka sai da saninka: kai ka kawo ta, kai ka biya, a gaban idonka aka yi.

Sauyin ya faro ne daga Amurka a watan Yunin 2007, lokacin da iPhone ta farko ta shiga kasuwa. Apple ya ɗauki waya a matsayin ƙaramar kwamfuta, kwamfuta kuwa ana ci gaba da yi mata gyara da ƙari bayan an sayar. Duk da haka sai ka haɗa wayar da kwamfuta ta igiya, ka buɗe iTunes, ka amince, kafin sabuwar manhaja ta hau. Wata uku da fitowarta aka yi rigimar farko. An ɗaure wayar da layin kamfanin AT&T kaɗai, masu dabara suka gano yadda za su kwance ta ta karɓi kowane layi. A watan Satumba Apple ya yi gargaɗi, sannan ya saki sabuntawa mai lamba 1.1.1, wayoyi da dama da aka kwance suka daina aiki. Tun daga ranar aka gane cewa hanyar da ake bi a kawo gyara, ita ce kuma za a iya bi a tilasta wa mai waya bin ƙa'idar kamfani. Abin da zai ba matashin yau mamaki shi ne, a waɗannan shekaru har kuɗi ake biya a samu sabuntawa: masu iPod touch sun biya kusan dala 10 a 2008, suka sake biyan haka a 2009, don kada a bar su a baya.

Android ta bayyana a Oktoban 2008 a cikin wayar G1 da HTC ya ƙera, kuma tun daga farko tana iya karɓar sabuntawa ta iska, ba sai da igiya ba. Google ya riƙa raɗa wa kowane sabon zubi sunan kayan zaƙi, daga Cupcake a 2009 har zuwa Pie a 2018. Zamani ne na ɗoki, kukan da ake yi a lokacin ma na rashin samu ne. Dalili kuwa, kafin sabon zubi ya kai hannun mai waya sai ya bi ta wajen masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar, sannan kamfanin wayar ya ɗora tasa kwalliyar, a wasu ƙasashen kuma kamfanin layi ya yi nasa gwajin. Kowane zango watanni ne, wayoyi masu araha kuwa tun a zangon farko ake mantawa da su. A nan gida mun ratsa zamanin BlackBerry da musayar fin, sannan Tecno da Infinix da Itel masu layi biyu suka cika kasuwa. Yawancinmu wayar da muka saya da Jelly Bean ko KitKat, a kan wannan zubin ta ƙare rayuwarta. Samarin da suka kasa haƙuri su ne suka koyi fasa makullin waya suna ɗora mata CyanogenMod da makamantansa da hannunsu, wani ya dace, wani ya wayi gari a bencin mai gyara.

Idan ana neman lokacin da akala ta fara barin hannunmu, to a duba Oktoban 2011, sa'ad da iOS 5 ta raba iPhone da igiyar kwamfuta, ta koma karɓar sabuntawa kai tsaye ta intanet. Kowa ya yi murna, kuma da gaskiyarsa, domin an huta da neman kwamfuta. Bayan shekara biyu aka ga ɗaya gefen. iOS 7 ta Satumban 2013 ta sauya kamannin wayar gaba ɗaya, launi da rubutu da alamomi, ta kuma riƙa sauke kanta cikin wayoyin mutanen da ba su nema ba, ta cinye musu wuri, ga jan ɗigo a kan alamar saitin da ba ya gushewa. Masu iPhone 4 da suka amince suka tarar wayarsu ta yi nauyi. Da suka nemi komawa tsohuwar manhaja sai suka ci karo da wata ƙa'ida da har yau tana nan: duk manhajar da za ta hau iPhone sai Apple ya sa mata hannu ta intanet, kuma 'yan kwanaki ko makonni bayan fitowar sabuwa yakan daina sa wa tsohuwa. Wanda ya haye, ya haye ke nan.

Shekarar 2014 ta ƙara dagula lissafi. iOS 8 ta nemi fili kusan gigabait 5 kafin ta hau, alhali wayoyi da yawa gigabait 16 gare su gaba ɗaya, mutane suka zauna suna goge hotunan biki da na suna don su ba ta wuri. Mako guda bayan haka aka saki gyara mai lamba 8.0.1, sai ya ɗauke sabis daga sababbin iPhone 6, ya kuma kashe na'urar karanta yatsa. Cikin kimanin sa'a guda Apple ya janye shi, amma masu saurin saukewa sun riga sun faɗa ciki.

Adalci ya sa dole mu saurari kamfanonin, domin hujjarsu mai ƙarfi ce, kuma a watan Yulin 2015 ta fito fili. Wani mai binciken tsaro, Joshua Drake na kamfanin Zimperium, ya bayyana wata ɓaraka a sashen Android da ke sarrafa bidiyo, wadda aka sani da Stagefright. Lambar wayarka kawai mai kutse yake buƙata: ya turo saƙon bidiyo, wayar ta fara sarrafa shi da kanta tun kafin ka buɗe, shi ke nan ya samu shiga. An ƙiyasta wayoyi miliyan 950 ne ke cikin haɗari, kuma mafi yawansu babu hanya mai sauri ta kai musu gyara. A watan Agusta Google da Samsung da LG suka yi alkawarin fitar da gyaran tsaro kowane wata, ba da jimawa ba kuma aka fara rubuta kwanan watan gyaran ƙarshe a cikin bayanin waya. A Agustan 2016 aka bankaɗo manhajar leƙen asiri ta Pegasus a saƙon da aka aika wa Ahmed Mansoor, ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Apple ya toshe ɓarakar cikin kimanin kwana goma. Injiniyoyi suka gamsu cewa in aka bar wa kowa ya sabunta wayarsa ranar da ya ga dama, mafi yawa ba za su taɓa yi ba. Daga nan aka karkata ga tsara wayoyi su riƙa yi da kansu, cikin dare, suna kan caji, mai su yana barci.

Shekarar 2016 ta cancanci a tsaya a kanta, domin a cikinta aka ga iyakar abin da wannan iko zai iya yi. A farkonta masu iPhone 6 da suka canza maɓallin gida a wajen masu gyara na kasuwa suka riƙa ganin wayarsu ta mutu bayan sabuntawa, in an haɗa ta da kwamfuta sai ta nuna kuskure mai lamba 53. Wayar takan yi watanni tana aiki lafiya bayan gyaran. Sabuwar manhaja ce ta duba ta ga na'urar yatsan ba ta asali ba ce, ta rufe komai. Apple ya ce matakin tsaro ne, daga baya a watan Fabrairu ya ba da haƙuri ya fitar da gyara, kotun Ostareliya kuma ta ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 9 a 2018. Mu da kusan duk gyaran wayarmu a teburin kasuwa ake yi, mun fi kowa sanin zafin irin wannan.

Sai ga Galaxy Note 7, wadda batirinta ya riƙa kamawa da wuta makonni kaɗan bayan fitowarta a Agusta. Samsung ya nemi a mayar da wayoyin, wasu suka ƙi rabuwa da su. Sai ya aika sabuntawar da ta hana caji wuce kashi 60 cikin 100, a watan Disamba kuma ya aika wa na Amurka wadda ta hana wayar yin caji kwata-kwata. Kamfanin layi na Verizon ya fara ƙin isar da ita, yana cewa bai dace a kashe wa mutum waya yana tsakiyar tafiyar hutun ƙarshen shekara ba, sai a Janairu ya saki. A nan kam da wuya a ga laifin Samsung, domin wayar da ke iya kama wuta a aljihu ko a cikin jirgi, haɗarinta bai tsaya kan mai ita kaɗai ba. Amma duniya ta shaida cewa kamfani yana iya kashe wayar da mutum ya saya da guminsa, daga nesa, ba tare da ya taɓa ta ba.

Duk waɗannan ba su girgiza amana kamar abin da ya fito a Disambar 2017 ba. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa da zarar sabuwar iPhone ta fito, tsohuwa sai ta fara jan ƙafa, ana kuma ɗaukar maganar zargi ne maras tushe. Sai masu auna saurin waya na Geekbench suka fitar da alƙaluman da ke nuna cewa iPhone 6s da 7 masu tsohon batir an rage musu gudu da gangan. Apple ya amsa. Bayaninsa shi ne, batir idan ya tsufa ba ya iya ba da ƙarfin da ƙwaƙwalwar waya ke nema lokacin da aiki ya yi yawa, sai wayar ta ɗauke farat ɗaya ko da akwai sauran caji. Don haka tun a iOS 10.2.1 ta Janairun 2017 aka sa manhaja ta riƙa rage gudu don kada hakan ta faru. Ta fuskar injiniya maganar tana da ma'ana. Laifin yana wajen ɓoyewa. Kusan shekara guda mutane suna ganin wayarsu ta tsufa, wasu suka tattara kuɗi suka sayi sabuwa, alhali canza batir kawai zai dawo da ita yadda take. Apple ya nemi gafara, ya sauko da kuɗin batir daga dala 79 zuwa 29 na tsawon 2018. Hukumomi ba su tsaya nan ba. Italiya ta ci shi tarar yuro miliyan 10 a Oktoban 2018, ta ci Samsung miliyan 5 kan sabuntawar da ta wahalar da Galaxy Note 4. Faransa ta ci Apple yuro miliyan 25 a Fabrairun 2020, a Amurka kuma ya amince ya biya har dala miliyan 500 don sasanta ƙarar da masu waya suka haɗu suka shigar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A ganinmu tsoron sabuntawa da ake ji a bakin mutane yau, mai yawa daga cikinsa a nan ya samo asali.

Abin lura shi ne, kusan kowane maɓalli da muke da shi na taka wa sabuntawa birki, wata rigima ce ta haife shi. iOS 11.3 ta Maris 2018 ta kawo shafin lafiyar batir da damar kashe rage gudun. iOS 12 ta zo da sabuntawa mai yin kanta da dare, tare da maɓallin kashe ta. iOS 13 ta kawo yanayin tsimin data, a Yulin 2020 kuma iOS 13.6 ta raba maɓallin sabuntawar gida biyu, ɗaya na saukewa, ɗaya na ɗorawa, ta yadda mutum zai iya hana wayar ko jawo fayil ɗin ma. Wanda ta riga ta sauke masa yana iya shiga sashen ma'ajiyar waya ya goge shi. A 2021 har an ba masu iOS 14 zaɓin su zauna a kanta suna karɓar gyaran tsaro kawai. Wannan shi ne tsarin da ya fi adalci, sai dai 'yan watanni kawai ya yi aka janye shi.

A ɓangaren Android abin ya danganta da kamfani. Samsung da wasu sun sa maɓallin hana saukewa ta Wi-Fi a fili cikin sashen sabunta manhaja. Akwai kuma wanda aka ɓoye a sashen masu rubuta manhaja, sashen da tun 2012 ba ya bayyana sai mutum ya shiga bayanin waya ya danna lambar zubi sau bakwai. A ciki akwai maɓallin da ke hana sabuntawa hawa da kanta idan an sake kunna waya. Play Store shi ma ya ba da zaɓi game da manhajojin da muka sauke: ta kowace hanya, ta Wi-Fi kaɗai, ko kada a taɓa su sai mai waya ya nema. Ma'aikatun da ke raba wa ma'aikatansu waya sun fi mu gata, domin an ba su damar jinkirta sabuntawa har kwana 90 su gwada tukuna. Ba a ba ɗaiɗaikun masu waya wannan dama ba, kuma ba mu ga abin da ya hana ba.

Ana cikin ba mu waɗannan maɓallai, shi kansa ginin manhajar yana canzawa ta ƙarƙashi. Android 7 ta 2016 ta zo da dabarar ajiye kwafi biyu na manhaja a waya ɗaya: ana ɗora sabuwa a kan ɗaya kana amfani da ɗayan, in aikin ya lalace wayar ta koma wa tsohon. A wayoyin da suka samu tsarin, fargabar yankewar wuta a tsakiyar aiki ta kau, amma sabuntawa ta koma abin da ke faruwa ba a gani. A 2019 Android 10 ta ƙara gaba, ta rarraba muhimman sassan manhajar ta yadda Google zai riƙa sabunta su kai tsaye ta Play ba tare da jiran kamfanin waya ba, kuma babu maɓallin kashe wannan a saitin. Ta hanyar ayyukan Play ɗin nan ne a 2020, lokacin korona, sashen sanar da cuɗanya da mai cutar ya bayyana a wayoyin mutanen da ba su sauke komai ba, hankalin wasu ya tashi duk da cewa ba ya aiki sai an kunna shi. A Maris 2021 kuma wani ɗan sashe mai suna WebView ya samu sabuntawa mai kuskure, Gmail da manhajoji da dama suka riƙa rufe kansu a faɗin duniya na tsawon sa'o'i.

Mu a nan, abin da ke sa mu ƙyamar sabuntawa ya wuce shari'un Turai da Amurka. Injiniyan da ya tsara cewa waya ta jira Wi-Fi da caji kafin ta sauke gigabait biyu, ya ɗauka Wi-Fi ba shi da iyaka, wuta kuma tana nan dare da rana. Wayar ba ta bambance Wi-Fi ɗin ofis da 'yar MiFi da magidanci ya zuba wa datar wata guda don iyalinsa. Da dare a kawo wuta, kowa ya jona tasa, wayoyi uku ko huɗu su ga sharaɗinsu ya cika, da asuba a tarar data ta ƙare ba wanda ya kalli komai. Ga ƙarancin wuri a wayar gigabait 32 da hotuna da saƙonnin murya suka riga suka cika. Ga kuma dattijon da yanzu jikansa ya saya masa babbar waya, ya wayi gari alamomin da ya saba da su sun canza wuri da launi, sai ya jira yaro ya dawo daga makaranta kafin ya iya kiran 'yarsa. Tun da Hukumar Sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, lissafin ya ƙara tsanani. Ita matsalar MiFi ɗin akwai maganinta tun tuni, ba kowa ya sani ba ne: a Android ana shiga bayanin wannan Wi-Fi ɗin a nuna wa wayar cewa mai awo ne, a iPhone kuma a kunna masa tsimin data. Da an yi haka wayar takan ja da baya daga manyan sauke-sauken da take yi da kanta.

Wanda ya ƙudurta ƙin sabuntawa har abada kuwa, manhajojin da yake rayuwa da su ne za su fara juya masa baya. WhatsApp ya yi sallama da Nokia masu Symbian a tsakiyar 2017, da BlackBerry a ƙarshen shekarar, a Oktoban 2023 kuma ya daina aiki a kan KitKat. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya mayar da wayar kowa asusunsa, daga mai shayi har dillalin shanu, manhajar banki kuwa ba ta ciniki: in ta ce a sabunta, ba za ta buɗe ba sai an yi. Wayar da ke ɗauke da kuɗin mutum ta wuce a bar ta shekara biyar ba a toshe mata ɓaraka ba.

A kasuwa akwai masu iya rufe hanyar gaba ɗaya. Wasu kan haɗa wayar da kwamfuta su kashe manhajar da ke kula da sabuntawa, wasu su toshe adireshin da take tuntuɓa a intanet, wasu su fasa makullin wayar ɗungurungum. Duk suna aiki, kuma duk suna hana gyaran tsaro shiga tare da abin da ake gudu. Wayar da aka fasa wa makulli ma manhajojin banki da yawa ba sa yarda su yi aiki a kanta. Ra'ayinmu shi ne a rarrabe abu biyu da aka daɗe ana cakuɗa su. Babban zubi mai canza lamba da kamanni, wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara, babu laifi a sa shi ya jira mako biyu ko uku, a ji abin da masu irin wayar suka gani, a kwafe hotuna da lambobi, a tabbatar caji ya haura rabi, sannan a ɗora shi da rana ido biyu. Ƙaramin gyaran tsaro kuwa, wanda ba kasafai yake taɓa kamannin waya ba, jinkirta shi ba ya amfanar kowa sai mai kutse.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa rigimar ba ta kwanta ba. Google ya yi alkawarin shekara bakwai na sabuntawa ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a Janairun 2024, Tarayyar Turai kuma tun 20 ga Yunin 2025 ta wajabta aƙalla shekara biyar daga ranar da aka daina sayar da samfurin waya. A gefe guda, a Janairun 2025 masu Pixel 4a, wayar da aka riga aka daina kula da ita, suka samu sabuntawar da ta rage wa wasunsu ƙarfin batir sosai. Sai a watan Maris, da hukumar Ostareliya ta sanar da janye wayar, aka ji a fili cewa haɗarin zafin batir ne dalili. Shekara bakwai bayan abin da ya faru da iPhone, an sake yin gyara mai hujja ba tare da cikakken bayani ba.

Dokar Turai ba ta shafi kasuwanninmu ba. Wayoyi masu araha da suka fi yawa a hannunmu kan samu gyara na ɗan lokaci ne sannan a ji shiru, don haka wasu daga cikin masu neman yadda za su toshe sabuntawa, wayarsu ta daɗe da daina samun kowace iri. Muna kira ga masu shaguna da masu gyara, waɗanda maganarsu ta fi ta kowane kamfani shiga kunnen mai saye, su daina sallamar mutane da "kar ka kuskura ka yi afdet" kawai. Su nuna musu maɓallin hana saukewa, su saita musu Wi-Fi mai awo, su bar gyaran tsaro ya wuce. Kai kuma mai karatu, ka shiga bayanin wayarka yau ka duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In ya haura shekara guda, ka nemi sabuntawar da hannunka. In wayar ta ce babu, ka rage kuɗin da kake bari a asusun da ke cikinta, kuma ranar da za ka sayi wata, ka tambayi mai shago shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin kula da ita kafin ku yi ciniki.